Gasanni huɗu da ake auna ɗan wasan golf da su

Tambaya: Na fara bin wasan golf na maza a talabijin, sai na ga kusan kowane mako akwai gasa, kowace da kofinta da miliyoyin daloli. Waɗanne ne suka fi daraja, kuma da me aka fifita su? Na ji an ce akwai wadda ta fi su kuɗi amma ba a lissafa ta cikinsu.

Amsa: Malam, huɗu ne, kuma babu gardama a kansu. Masters a watan Afrilu, PGA Championship a watan Mayu, US Open a watan Yuni, sai The Open a watan Yuli. Uku na farko a Amurka ake yin su, ta huɗu a Birtaniya. Idan ɗan wasa ya yi ritaya, abin da ake fara tambaya shi ne nawa ya ci a cikin waɗannan. Jack Nicklaus yana da 18, Tiger Woods 15, Walter Hagen 11, Ben Hogan da Gary Player 9 kowannensu, Tom Watson 8. Wanda ya tara kofuna ashirin na mako-mako bai ci ɗaya daga cikin huɗun ba, za a yi ta kiransa gwanin da bai kai gaci ba.

Tsarin wasan iri ɗaya ne a dukansu. Ramuka 72 cikin kwana huɗu, Alhamis zuwa Lahadi, 18 kowace rana, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Kowane rami yana da ma'auninsa, wato par, bugu uku ko huɗu ko biyar da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa. Shi ya sa za ka ga an rubuta wa mutum -8 ko +3 a allo, ma'ana ya rage bugu takwas daga ma'aunin fili ko ya ɗora uku. Bayan ramuka 36, ranar Juma'a da yamma, ake tankaɗe da rairaya: Masters tana barin mutum 50 na sama, US Open 60, PGA da The Open 70, tare da duk wanda ya yi kunnen doki da na ƙarshensu. Saura su ɗaure jaka.

Abin da ka ji game da kuɗi gaskiya ne. A 2025 The Players Championship ta raba dala miliyan 25, zakara ya tafi da miliyan 4.5. US Open ta raba miliyan 21.5, Masters miliyan 21, PGA miliyan 19, The Open kuwa miliyan 17 kacal, ga ta kuma ita ce uwar gasannin duka. Da kuɗi ne ma'auni, da jerin ya juye. Darajar ta fito ne daga wurare uku: daɗewa, irin ƙofofin da nasara ke buɗewa, da kuma cewa kowace cikin huɗun tana hannun wata hukuma daban mai nata ra'ayin kan abin da ya kamata a gwada a jikin ɗan wasa. Kulob ɗin Augusta National ke da Masters. PGA of America, ƙungiyar masu koyar da golf da masu kula da kulob-kulob, ke da PGA Championship. USGA, hukumar golf ta Amurka, ke da US Open, R&A ta garin St Andrews a Sikotlan ke da The Open, kuma waɗannan biyun su ne masu rubuta dokokin wasan na duniya. PGA Tour, wadda ke shirya gasannin mako-mako da kake gani, ba ta mallaki ko ɗaya ba. Mutane da yawa suna haɗa ta da PGA of America saboda suna, alhali sun raba gari tun 1968.

Ƙofofin da na ambata ba ƙanana ba ne. Wanda ya ci ɗaya daga cikin huɗun yana samun gurbi na shekara biyar a sauran ukun ba tare da neman cancanta ba, da zama ɗan PGA Tour na shekara biyar, da maki 100 a jadawalin duniya, inda The Players ke ba da 80. A gasar da ya ci kuma, Masters da PGA suna gayyatarsa iya rayuwarsa, US Open shekara goma, The Open har ya kai shekara 55 ga waɗanda suka ci daga 2024, na da kuwa har 60. A sana'ar da mutum kan iya rasa gurbinsa saboda mummunar kaka ɗaya, wannan ya fi cakin ranar Lahadi amfani nesa ba kusa ba.

Jerin huɗun bai sauko daga sama a shirye ba. A 1930 Bobby Jones ya ci US Open da The Open da manyan gasanni biyu na 'yan sha'awa, waɗanda ba sa wasa don kuɗi, na Amurka da na Birtaniya, duk a shekara ɗaya. A lokacin su ne manya. Da ƙwararru suka mamaye wasan, sai Masters da PGA suka maye gurbin na 'yan sha'awa, kuma ana danganta tabbatuwar hakan da 1960, shekarar da Arnold Palmer ya ci Masters da US Open ya tsallaka St Andrews yana neman ta uku, Kel Nagle ya fi shi da bugu ɗaya.

Masters ce ƙarama a shekaru, 1934 aka fara ta, Horton Smith ya ci ta farko. Ita kaɗai ce ba ta canza fili. Kowace shekara a Augusta National ake yi, a jihar Jojiya, filin da Jones ya tsara tare da Alister MacKenzie. Wannan zaman wuri ɗaya shi ne rabin ƙarfinta, domin mai kallo ya san kowane rami, ya san inda wane ya nitse a shekarar kaza. Ba a neman shiga, gayyata ake yi: tsofaffin zakaru, mutum 50 na saman jadawalin duniya, waɗanda suka ci gasannin PGA Tour, 12 na farko a Masters ta bara, da 'yan sha'awa kaɗan da suka ci gasanninsu. Da wuya a kai mutum 100, inda sauran ukun ke ɗaukar 156. Saboda tsofaffin da ba su da ƙarfin ci da 'yan sha'awa, masu lissafi kan ce a takarda ita ce mafi sauƙin ci cikin huɗun. A fili kuwa labari daban ne. Zakara yana samun koriyar kwat, al'adar da aka fara da Sam Snead a 1949, yana tafiya da ita gida shekara ɗaya ya dawo da ita kulob. Daren Talata na makon gasar tsofaffin zakaru suna cin abinci tare, wanda ke riƙe da kambu shi ke zaɓar abin da za a ci. Ben Hogan ya fara wannan a 1952.

Abin da Augusta ke gwadawa shi ne bugu na biyu da kuma turin ƙarshe, wato mirgina ƙwallo a ƙasa zuwa cikin rami. Hanyoyin, wato askakkiyar ciyawar da ke tsakanin wurin bugun farko da rami, suna da faɗi, doguwar ciyawa ba ta da yawa, amma dandamalin da ramin ke ciki yana da santsi da tudu da kwari fiye da yadda talabijin ke nunawa. Ƙa'idar da kowa ya sani a wurin ita ce ka bar ƙwallonka a ƙasan rami. Turi na ƙafa 20 zuwa sama ya fi na ƙafa 6 zuwa gangare sauƙi, domin na gangaren idan ya kuskure bakin rami zai iya wucewa ya fi nisan da ka taso.

A duba rami na 12 da kyau, don shi ke nuna halin gasar. Ma'auninsa uku, tsawonsa yadi 155, wanda ga ƙwararre ƙaramar sandar ƙarfe ce, lamba 9 ko 8. Rafin Rae's Creek ya ratsa gabansa. Dandamalin siriri ne daga gaba zuwa baya, kuma a karkace yake: ɓangaren dama ya fi na hagu nisa daga mai bugu. Ranar Lahadi a dama ake kafa tuta. Mai bugu da hannun dama idan ya ɗan kuskure, ƙwallonsa kan tafi dama ta kuma gaza nisa, to nan ne bakin gangaren da aka aske ciyawarsa ƙwal, ƙwallo ta sauka ta mirgino cikin ruwa. Idan ya ja ta hagu sai ta wuce nisa ta faɗa yashi ko furanni a baya, daga nan kuma zai bugo zuwa gangare yana fuskantar ruwan da ya guje wa. Ga iska da ke kewayawa a tsakanin bishiyoyi, tutar rami na 11 tana nuna gabas ta 12 tana nuna yamma. Maganin da tsofaffi suka bari shi ne ka manta da tuta, ka auna saman kwarin yashin da ke gaba, ka sauka tsakiya, ka yi turi biyu ka wuce. A 2016 Jordan Spieth yana gaba da bugu biyar bayan rami na 9 ranar ƙarshe, ya zubar da ɗai-ɗai a 10 da 11, ya jefa ƙwallo biyu a ruwa a 12 ya rubuta 7, Danny Willett ya ɗauki kwat. A 2019 Francesco Molinari da Brooks Koepka da Tony Finau da Ian Poulter duk sun shiga ruwan nan, Tiger Woods ya buga tsakiya ya rubuta 3, ya ci Masters ɗinsa ta biyar. Na 13 da ke biye ma'auninsa biyar, yadi 545, yana lanƙwasa hagu, kuma a bugu na biyu ƙwallo tana sama da ƙafafun mai bugu, ga reshen rafin a gaban dandamali. Ana iya rage bugu biyu a wurin, ana iya zubar da biyu. Rory McIlroy ya bi hanyar taka tsantsan a 2025, ya ajiye ƙwallo kafin ruwa, duk da haka gajeren bugunsa na uku ya faɗa rafi ya rubuta 7, sai da aka je raba gardama da Justin Rose kafin ya ci. Ramuka 11, 12 da 13 su ake kira Amen Corner. Nicklaus ya fi kowa kwat, shida, ta ƙarshe a 1986 yana da shekara 46. Woods ya ci ta farko a 1997 yana da 21, da ratar bugu 12, shekara 22 bayan Lee Elder ya zama baƙar fata na farko da ya buga gasar.

PGA Championship ba ta buƙatar dogon bayani. An fara ta a 1916, kofinta Wanamaker, har 1957 mutum biyu-biyu ake karawa ana fitar da wanda aka doke, daga 1958 aka koma ƙirgen bugu. A watan Agusta take a da, 2019 aka dawo da ita Mayu. Tana yawo tsakanin manyan filayen Amurka, kuma ana shirya filin da sassauci fiye da US Open, shi ya sa Xander Schauffele ya kai -21 a Valhalla a 2024, mafi ƙasa da aka taɓa yi a manyan gasanni. Kusan duk mutum 100 na saman duniya suna zuwa, don haka ta fi kowace tara gwanaye. Ana ware gurbi 20 ga masu koyar da golf a kulob-kulob, kuma ɗaya daga cikinsu, Michael Block, ya zo na 15 a Oak Hill a 2023. Hagen da Nicklaus sun ci biyar-biyar. A nan Y. E. Yang na Koriya ta Kudu ya kamo Woods ranar ƙarshe a 2009, a nan kuma Phil Mickelson ya ci yana da shekara 50 a 2021, wanda ya fi kowa tsufa a masu cin babbar gasa. Duk da haka, ita ce ta huɗu a daraja, kuma ko 'yan wasan ba sa ɓoye haka. Ba ta da fili nata kamar Masters, ba ta da wani hali da za a gane ta da shi daga nesa.

US Open tana da hali, kuma mugun hali ne. An fara ta a 1895 a Newport. A buɗe take ga kowane ƙwararre da kowane ɗan sha'awa da ya kai wani matakin ƙwarewa, kusan mutum 10,000 ke cika takarda kowace shekara. Matakin farko ramuka 18 ne, na biyu ramuka 36 a wuni ɗaya, kuma kusan rabin masu buga gasar ta nan suke shigowa. Michael Campbell a 2005 da Lucas Glover a 2009 sun bi ta wasan neman cancanta suka ci kofin. USGA tana son ma'auni ya zama abin alfahari, don haka sai ta matse hanyoyi zuwa faɗin yadi 25 ko 30, ta bar ciyawar gefe ta kai inci huɗu ko biyar, ta rage ba dandamali ruwa har ya yi tauri, sau da yawa kuma ta mayar da rami mai ma'auni biyar zuwa huɗu, fili ya koma 70 maimakon 72. Yadda waɗannan ke haɗuwa su kayar da mutum shi ne: daga doguwar ciyawa, ganye yana shiga tsakanin fuskar sanda da ƙwallo, ƙwallon ba ta samun juyin baya da zai tsayar da ita, ta sauka a kan dandamali mai tauri ta wuce ta faɗa wata ciyawar. Kuskure ɗaya a bugun farko yana haifar da uku. Akwai wani ƙarfe mai tsawon ƙafa uku da ake gangaro da ƙwallo a kansa a auna nisan da za ta mirgina, Stimpmeter, kuma a US Open awon kan kai ƙafa 13 ko 14.

Sakamakon a bayyane yake. Hale Irwin ya ci a Winged Foot a 1974 da +7. A Oakmont a 2025 J. J. Spaun kaɗai ya gama ƙasa da ma'auni, -1. Wanda ke cin US Open shi ne mai yarda ya yi asarar bugu ɗaya don kada ya yi asarar biyu: ya fito da ƙwallo gefe zuwa hanya, ya bar jarumtaka. Mickelson ya zo rami na ƙarshe a Winged Foot a 2006 yana buƙatar 4 ya ci. Ya ɗauki babbar sanda ya watsa hagu har kan rumfar baƙi, maimakon ya fito hanya sai ya nemi ratsa bishiyoyi, ƙwallo ta daki itace, ta uku ta nutse a yashi, ya rubuta 6, Geoff Ogilvy ya ci da +5. Sau shida Mickelson yana zuwa na biyu a wannan gasa, kuma ita kaɗai ta rage masa a cikin huɗun. Wani lokaci hukumar ce ke wuce gona da iri: a Shinnecock Hills a 2004 dandamalin rami na 7 ya bushe har ƙwallo ba ta tsayawa, sai da aka riƙa yayyafa masa ruwa ana cikin wasa. Mutum huɗu ne suka ci ta sau huɗu, Willie Anderson da Jones da Hogan da Nicklaus. Abin da Woods ya yi a Pebble Beach a 2000, ratar bugu 15, har yau babu kamarsa a kowace babbar gasa.

The Open kuwa wani wasa ne dabam, ko da yake sanduna da ƙwallo iri ɗaya ne. A 1860 aka fara ta a Prestwick ta ƙasar Sikotlan, mutum takwas, zagaye uku na ramuka 12, Willie Park ya ci. Kyautar farko ɗamara ce ta fata, Young Tom Morris ya ci sau uku a jere daga 1868 zuwa 1870 ta zama tasa, aka rasa abin bayarwa har ba a yi gasa a 1871 ba. Daga nan aka ƙera butar azurfa, Claret Jug, wadda ake bayarwa tun 1873. Ba a yin ta sai a filayen bakin teku da ake kira links, ƙasa mai yashi tsakanin teku da gonaki, babu bishiyoyi, ruwan sama yana tsanewa nan da nan, ƙasa tana da tauri. Tana kewaya tsakanin St Andrews, Carnoustie, Muirfield da Royal Troon a Sikotlan, Royal Birkdale, Royal Liverpool, Royal Lytham da Royal St George's a Ingila, da Royal Portrush a Ailan ta Arewa.

A Amurka gwani yana ɗaga ƙwallo sama ta sauka inda ya auna ta tsaya. A links iska ba ta barin haka. Ramin da aka buga da ƙaramar sanda da safe zai iya neman sanda uku ko huɗu sama da ita da yamma. Dabarar ita ce a matsar da ƙwallo baya tsakanin ƙafafu, a ɗauki sandar da ta fi wadda nisan ke nema, a rage ƙarfin lilo, a gajarta ƙarshensa. Wanda ya ƙara ƙarfi don ya yaƙi iska yana ƙara wa ƙwallo juyi, ita kuma ta tashi sama kamar tsuntsu ta faɗo kusa. Sau da yawa ana saukar da ƙwallo yadi 20 ko 30 kafin dandamali a bar ta ta gangara, wani lokaci ma da sandar turi ake bugowa daga wajen dandamali. Kwaruruwan yashinsu ƙanana ne masu zurfi, bangonsu na gaba an jera shi da yankakkiyar ciyawa tsaye, kuma ƙasar da ke kewaye tana janyo ƙwallo ciki. Wanda ya faɗa ɗaya a kan hanya, gefe ko baya zai fito, bugu ɗaya ya tafi. Tsohon filin St Andrews yana da irinsu 112, kuma a 2000 Woods ya yi ramuka 72 bai shiga ko ɗaya ba. A Royal Liverpool a 2006, da ƙasa ta bushe ta yi ja, sau ɗaya tak ya fito da babbar sanda duk makon, ya ci. Dandamalin The Open da gangan ake barin shi ya fi na Amurka nauyi, awon wajen ƙafa 10, domin idan aka aske shi da yawa iska za ta riƙa tura ƙwallon da ke ajiye. Hakan ya faru a St Andrews a 2015, aka tsayar da wasa ranar Asabar aka ƙarasa gasar ranar Litinin.

Akwai sa'a a cikinta, kuma ba a musun haka. A kwana biyu na farko wanda ya fita da safe ranar Alhamis yana fita da rana ranar Juma'a, wanda ya fita da rana kuma akasin haka. Idan hadari ya zo da yammacin Juma'a, rabin 'yan wasa ne ke shan shi. McIlroy ya yi 63 ranar farko a St Andrews a 2010, washegari cikin iska ya yi 80, Louis Oosthuizen na Afirka ta Kudu da ya riga ya gama da safe ya ci gasar da ratar bugu bakwai. Saboda ƙarfi ba ya yin aiki shi kaɗai a nan, tsofaffi suna daɗewa ana damawa da su. Watson yana da shekara 59 ya zo rami na ƙarshe a Turnberry a 2009 yana buƙatar 4, ya yi 5, Stewart Cink ya doke shi a raba gardama. Faɗuwar da ta fi kowace suna ita ce ta Jean van de Velde na Faransa a Carnoustie a 1999. Yana gaba da bugu uku, 6 ta ishe shi a rami mai ma'auni huɗu. Ya buga babbar sanda ta tafi dama ya tsira, bugu na biyu ya daki rumfar 'yan kallo ya dawo baya cikin ciyawa, na uku ya faɗa rafin Barry Burn. Ya cire takalma ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya ga ba ta buguwa, ya ɗauki tarar bugu ɗaya, na biyar ya faɗa yashi, ya gama da 7. Paul Lawrie, wanda ya fara ranar yana baya da bugu goma, ya ci a raba gardama. Ƙananan sanduna uku da turi biyu da sun kai shi gida. Harry Vardon ke da tarihin ci, sau shida.

Wace ta fi a cikinsu? Ɗan Amurka zai ce Masters ko US Open, ɗan Birtaniya da yawancin sauran duniya za su ce The Open. A ganina Masters ta fi suna da kallo, The Open ta fi zurfin tarihi da yawan dabarun da take nema, US Open ta fi wuya. Bambancin nasu ne ya sa cin duka huɗun ya gagari kusan kowa. Zuwa ƙarshen 2025 mutum shida ne suka haɗa su: Gene Sarazen, Hogan, Player, Nicklaus, Woods da McIlroy. Palmer da Watson sun rasa PGA, Snead ya rasa US Open, Lee Trevino ya rasa Masters. Babu wanda ya ci huɗun na yanzu a shekara ɗaya. Hogan ya ci uku a 1953, Woods ya ci uku a 2000 ya ƙara da Masters ta 2001, ya riƙe kofunan duka a lokaci guda.

Ka riƙa lura da dokoki idan kana kallo, domin sun sha raba mutum da kofi. Roberto De Vicenzo na Ajantina ya yi 3 a rami na 17 a Masters ta 1968, abokin wasansa ya rubuta masa 4, ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce babbar lambar da aka sa wa hannu ita ke tsayawa, ya rasa zuwa raba gardama da bugu ɗaya. Ian Woosnam yana cikin na gaba ranar ƙarshe a Royal Lytham a 2001 aka ga sanduna 15 a jakarsa, alhali 14 ne iyaka, aka ci shi tarar bugu biyu. Idan aka yi kunnen doki kuma, kowace da tsarinta: Masters rami-rami har wani ya fi, US Open jimillar ramuka biyu tun 2018, PGA uku, The Open uku ko huɗu gwargwadon fili.

Wadda ka ji an ce ta fi kuɗi, The Players, ta PGA Tour ce, an fara ta a 1974, ana yin ta a watan Maris a TPC Sawgrass da ke Fulorida, filin da raminsa na 17 ke kan tsibiri ruwa ya kewaye shi. Ana yi mata laƙabin ta biyar, amma ba a ƙirga ta, kuma tun da LIV Golf, kishiyar PGA Tour mai kuɗin Saudiyya, ta ɓullo a 2022 aka hana 'yan wasanta shiga gasannin PGA Tour, hujjarta ta tara gwanaye ta yi rauni. Manyan huɗun ba su rufe wa kowa ƙofa ba: Koepka ya ci PGA a 2023, Bryson DeChambeau ya ci US Open a 2024, a lokacin dukansu suna LIV. Zinaren Olamfik, da golf ya koma a 2016, yana ƙara daraja amma bai kamo su ba.

Ryder Cup ce kaɗai ke tayar da jijiyoyin 'yan wasa kamar manyan huɗun, sai dai ita ta ƙungiya ce, ba ta shiga lissafin mutum ɗaya. An fara ta a 1927 tsakanin Amurka da Birtaniya, daga 1979 aka faɗaɗa zuwa Turai gaba ɗaya. Duk shekara biyu ake yi, mutum 12 kowane ɓangare, kwana uku, maki 28. Kwana biyu na farko bibbiyu ake karawa, wani zubin abokan biyu suna karɓa-karɓa da ƙwallo ɗaya, wani zubin kowa da tasa a ɗauki ta wanda ya fi, ranar Lahadi kuma ɗaya da ɗaya sau 12. Mai neman karɓe kofi yana buƙatar maki 14 da rabi, mai riƙe da shi 14 ta ishe shi. Turai ta ci a Roma a 2023 da 16 da rabi, ta je Bethpage Black a New York a 2025 ta sake ci da 15 da 13.